Wane noti ne zai ɗauki mai kilo 140 a jikin bishiya?

Baban Walid: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, kuma ina roƙon masu sanin ƙarfe su tanka. Shekarata ta uku ke nan ina farautar barewa da baka a nan jihar Ohayo ta Amurka. Ga wanda bai san yadda ake yi a nan ba, barewar tana da hanci da ido, don haka maharbi kan hau bishiya kamar ƙafa 20 ya zauna dako har ta zo wucewa. Wasu tsani suke ɗaurawa. Wasu kuma su huda bishiyar da abin huda na hannu, su zura dogon noti a kowane rami, su taka su hau, in za su sauko su zare abinsu. Ni wannan na biyun nake yi don ba ya cika jaka. Asabar da ta wuce ina saukowa bayan magariba, noti na shida daga ƙasa ya lanƙwashe a ƙarƙashin ƙafata, na ji takalmina yana zamewa. Allah ya kiyaye ban faɗo ba, amma har na isa gida jikina bai daina rawa ba. Nauyina kilo 127, in an haɗa da takalmin sanyi da riguna da jaka da baka ina kai 140. Notin kaurinsa 3/8 na inci, tsawonsa inci 6. Wane iri ya kamata in saya?

Oga Sani Makaniki: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara tsarewa. Baban Walid, ɗauko wanda ya lanƙwashen ka duba kansa, me aka rubuta? Mu nan Kaduna ba ma ɗaura noti a ƙafar mota sai mun ga 8.8 ko sama. Ka nemi 8.8 ka huta.

Baban Walid: Oga ba lamba a kansa. Tsaga uku ce kawai, da wani ɗan harafi a gefe.

Lawal Ɗan Katsina: Tsaga uku ai giredi 5 ne, wato ajin ƙarfin notin ke nan. Wanda kowa ke amfani da shi mai tsaga shida ne, giredi 8, shi ne Oga yake faɗa maka. Shekarata shida a kansa, kilo 110 nake, ko ɗaya bai taɓa ba ni matsala ba.

Injiniya Bashir: Lawal, tsaya, akwai gyara a nan kuma gyaran babba ne. Abin da Oga ya faɗa da abin da ka faɗa ba ɗaya ba ne. Da 8.8 da giredi 8 suna kama a baki, amma ma'auni biyu ne daban. Notin da ake aunawa da milimita, irin wanda ke jikin motocin Japan da Turai, shi ake buga wa lamba: 8.8, 10.9, 12.9. Notin Amurka da ake aunawa da inci kuwa tsaga ake yi masa a ka. Wanda ba tsaga giredi 2 ne, tsaga uku giredi 5, tsaga shida giredi 8. To 8.8 ɗin nan daidai yake da giredi 5, wato ainihin irin wanda ya lanƙwashe da Baban Walid. Takwaran giredi 8 a tsarin milimita shi ne 10.9. Oga, ranka ya daɗe, ba ina ƙaryata ka ba ne, a wurin da kake ɗaura shi 8.8 noti ne mai kyau. A nan ne bai isa ba.

Oga Sani Makaniki: Ba komai Injiniya, ilimi kogi ne. Amma ka warware min wannan. Noti huɗu 8.8 suna riƙe abin da ya fi tan guda a mota, ana ta faɗawa ramuka da shi shekara da shekaru. Ya za a ce mutum ɗaya ya fi ƙarfinsa?

Injiniya Bashir: Oga, amsar tana cikin garejinka. In noti ya ƙi kwancewa me kake yi? Ka zura wa sifana dogon fayif ka danna, ya kwance. Ƙarfinka bai ƙaru ba, nisan hannunka daga notin ne ya ƙaru. Notin mota a matse yake tsakanin ƙarfe biyu, aikinsa ya riƙe ja. Na jikin bishiya kuwa kusan inci 2 ne a cikin itace, sauran inci 4 suna waje a iska, mutum ya hau kansu. Shi kansa notin ya zama fayif ɗin, kuma duk wahalar tana taruwa a bakin rami.

Bari in kawo lissafi a kilo da santimita. Ina maganar nauyin da ƙarfen zai fara sallamawa, ya fara lanƙwasar da ba ta komawa. Kauri 3/8, giredi 5: in nauyin ya sauka santimita 5 daga bakin rami, kusan kilo 110. In ya sauka a santimita 7 da rabi, kusan kilo 73. Kauri 3/8, giredi 8: kusan kilo 155 a santimita 5, kusan kilo 103 a 7 da rabi. Baban Walid kilo 140 ne, kuma takalmin sanyi faɗi gare shi, da wuya nauyinsa ya sauka kusa da bishiya. Ko ya koma giredi 8 a wannan kaurin, a bakin gaɓa yake tsaye.

Lawal Ɗan Katsina: Injiniya da girmamawa, lissafin takarda daban, daji daban. In haka ne da tuni nawa sun lanƙwashe, tunda na wuce 103. Kuma na san mutane manya-manya da suke hawa da 3/8.

Injiniya Bashir: Gaskiyarka, kuma lissafin bai musanta ka ba. Lambar da na bayar ta farkon sallamawa ce, lokacin da fatar ƙarfen ta waje ta fara gajiya alhali cikinsa na riƙe. Kafin sandar ƙarfe mai zagaye ta sallama gaba ɗaya sai nauyin ya kai kusan ninki 1.7 na wannan. Tsakanin biyun akwai fili, kuma a cikin filin nan kake rayuwa shekara shida. Mai kilo 110 da ya iya taka gindin noti yana da sarari. Mai kilo 140 da ya zo saukowa cikin duhu, ƙafa ta yi sanyi, ya saki jikinsa a kan bakin noti, sararinsa kaɗan ne. Nauyin da aka sako daga sama ya fi nauyin da aka ɗora a hankali. Ga kuma ɓawon bishiya, ba ya riƙe komai, don haka awon nisan daga cikin itace yake farawa, ba daga inda ido ke gani ba. Ka yi min abu ɗaya Lawal: ɗauko notocinka ka mirgina su a kan gilashin tebur ɗaya bayan ɗaya.

Habu Walda: Ni abin da na sani a sana'ata, ƙarfe in ya cika ƙarfi karyewa yake kamar rake. Gara mai laushi da zai lanƙwashe ya ba ka sanarwa. Da Baban Walid giredi 8 ya taka, wa ya sani ko ɓallewa zai yi fat? Ni a ganina ya zauna a mai tsaga uku ya ƙara kauri kawai.

Oga Sani Makaniki: Habu ya kawo magana. Na sha ganin notin kan injin ya tsinke ba tare da ya lanƙwashe ba.

Injiniya Bashir: Wannan maganar ta yaɗu sosai har a cikin Turawan, kuma akwai ƙwayar gaskiya a cikinta, amma ba a kan giredi 8 ba. Ƙa'idar da ake ƙera su a kanta ta ce giredi 5 ya miƙe aƙalla kashi 14 cikin ɗari kafin ya tsinke, giredi 8 kuma kashi 12. Bambancin kaɗan ne, shi ma lanƙwashewa yake kafin ya karye. Abin da ya fi muhimmanci: giredi 5 yana tsinkewa a laba 120,000 kan kowane murabba'in inci, giredi 8 kuwa ba ya ma fara sallamawa sai a 130,000. Wato wahalar da za ta gama da na farko ba ta isa ta fara taɓa na biyu ba. Inda maganar Habu ta zauna daram shi ne 12.9, musamman wanda aka yi wa rufin tutiya da lantarki. Wannan yakan shanye iskar haidurojin lokacin rufin, ya zo ya tsage ba sanarwa. Shi ban ba kowa shawarar ya taka ba.

Rabin maganar Habu ta biyu kuwa ita ce amsar gaba ɗaya. Ƙarfin sanda wajen jure lanƙwasa yana bin kaurinta ne sau uku: kauri sau kauri sau kauri. Daga 3/8 zuwa rabin inci ido zai ga ɗan ƙari ne, milimita 9 da rabi zuwa 12.7, amma ƙarfin ya ninka sau 2.37. Rabin inci giredi 8 yana kai kusan kilo 245 a santimita 7 da rabi kafin ya fara sallamawa. Baban Walid, ga abin da zan saya da ni ne kai. In milimita ka samu, kauri 12 mai lamba 10.9, shi ma ya haura kilo 200 a wannan nisan.

Baban Walid: Na gode Injiniya. Damuwata biyu. Abin hudata na hannu 3/8 ne kawai yake yi. Sannan nauyi, guda 14 nake ɗauka.

Injiniya Bashir: Na 3/8 mai inci 6 kusan giram 100 ne, na rabin inci kusan 175. A guda 14 ƙarin kamar kilo ɗaya ne. Huda kuwa sai dai injin batir da baki mai rabin inci, ka je tun kafin ranar farauta ka shirya bishiyoyinka. Ka ɗan karkata ramin ƙasa yadda kan notin zai ɗaga sama kaɗan.

Habu Walda: To in nauyi ne matsalar, ya kawo rodi ko tsohon sifirin in yanka masa, in ɗana walda a baki don kada takalmi ya zame. Ko a ɗana wa notin wani ƙarfe a ƙasa ya tokare bishiya.

Oga Sani Makaniki: A'a Habu, nan kam ban bi ka ba. Notin da wuta ta taɓa ya tashi daga aiki. Ƙarfinsa daga gashi da tsomawa ya samo shi, kana kai masa walda ka warware wannan, wani wurin ya yi laushi wani ya yi gautsi, kuma tsagar kansa tana nan tana yi maka ƙaryar cewa shi ne. Ko giranda in ta sa shi ya yi shuɗi ni jefarwa nake. Wanda ya lanƙwashe ma kada a miƙe shi da guduma a mayar, Baban Walid ka ji ni ko?

Baban Walid: Na ji Oga. Har na yi niyyar miƙe shi wallahi.

Maman Hanifa: Tun safe nake karanta ku ina jiran wani ya yi tambayar da ta dame ni, ba wanda ya yi. Baban Walid, lokacin da notin ya lanƙwashe, me ke ɗaure da kai a jikin bishiyar?

Baban Walid: Anti, gaskiya ba komai. Ina sa ɗamarar tsaro mai tare mutum in ya faɗo, amma sai na kai sama nake ɗaura igiyarta a bishiya. Wajen sauka kuma na kwance.

Maman Hanifa: Innalillahi. Ƙanina, aikin jinya nake yi, na ga abin da faɗowa daga sama take yi wa ƙashin baya da ƙugu, kuma mutum mai jiki ya fi jin ta. Kai ga wani abu ƙari: ƙarƙashinka akwai ƙarafa biyar a tsaye a jikin bishiya. Wanda ya zame yana rungume da bishiya, a kansu zai bi ya wuce, cinya da ciki da haƙarƙari. A cinya akwai babbar jijiyar jini, kana daji kai kaɗai bayan magariba. Ku yi ta lissafin kauri, yana da kyau, amma noti mafi ƙarfi a duniya ba ya hana takalmi mai laka ko ƙanƙara zamewa. Akwai igiyar ƙugu irin ta masu hawa falwaya, wadda ke zagaye bishiya kana tura ta sama kana binta. Daga ƙafarka ta bar ƙasa har ta dawo ƙasa kada ka rabu da ita. In ka zo wurin reshe, ka ɗaura ta biyu kafin ka kwance ta farko. Kuma ka duba takardar ɗamararka. Yawancinsu laba 300 aka rubuta, kilo 136 ke nan har da kaya, kai kuwa ka ce 140. Akwai masu ɗaukar fiye da haka, ka nema. Don Allah ka gaya wa Maman Walid bishiyar da kake da lokacin da za ka dawo, ko da ɗamara ta tare mutum, rataya a cikinta na dogon lokaci ma haɗari ne.

Lawal Ɗan Katsina: Anti ta fi mu gaskiya duka. Ni ma sai shekara biyu da suka wuce na fara sa igiyar ƙugu, kuma ita ce ta sa hannuna biyu suka samu sakewa wajen huda.

Kawu Idi: Yara, ku bar ni in sa baki ko da ban taɓa zuwa Amurka ba. Abin nan da kuke faɗa ba baƙo ba ne. A ƙauyenmu ta wajen Damagaram turaku ake kafa wa kuka a hau a ɗebo ganye ko zuma, wasu kukokin har yau da ramukan kakanni a jikinsu. Abin da na koya a wurin masu yi shi ne, ba turken suka fi tsoro ba, jikin bishiyar suke tsoro. Kuka cikinta taushi ne kamar soso, turke mai kyau sai ya kwanta a cikinta ya zare. Kowace shekara sabo suke kafawa, ba sa taka na bara. Ku kuna ta maganar ƙarfe, wace irin bishiya ce yake hudawa?

Injiniya Bashir: Kawu, Allah ya ƙara girma, ka taɓo inda lissafina bai kai ba. Duk lambobin da na kawo sun ɗauka itacen ya riƙe. A itace mai taushi irin fofla bakin ramin yana murƙushewa, notin ya sunkuya, takalmi ya zame ko da ƙarfen lafiyarsa lau. Kuma mu nan yankin muna da wata masifar. A 2002 aka gano wani koren ƙwaro kusa da Ditiroit mai cin ƙarƙashin ɓawon bishiyar ash, ya kashe miliyoyinsu a Mishigan da Ohayo da sauran jihohi. Da yawa suna nan a tsaye a mace, kuma lokacin sanyi da ganye ya zube ba ka bambance matacciya da rayayya sai ka lura. Mataccen ash gautsi gare shi. Ka duba garin da ke fitowa wajen huda: in ɗanye ne mai haske, madalla. In busasshe ne kamar gari ko ya yi baƙi, ka bar bishiyar.

Na manta abu ɗaya. Zaren noti ya shige can cikin rami, santsin jikinsa ne zai zauna a baki. A gindin zare kaurin 3/8 ya ragu zuwa kusan 0.3 na inci, wannan kaɗai ya zubar da rabin ƙarfin. Noti mai zare tun daga kai har ƙasa kada a saya sam.

Baban Walid: Mai shago ya nuna min na silba wanda ba ya tsatsa, ya ce ya fi tsada don ya fi kyau. Akwai kuma na taitaniyom da na gani a intanet an rubuta giredi 5.

Oga Sani Makaniki: Na silba tsatsa kawai ya fi, ba ƙarfi ba. Mun sha murɗe kansa da hannu ɗaya.

Injiniya Bashir: Haka ne, wanda aka saba sayarwa a shago bai kai ko giredi 5 jure lanƙwasa ba. Taitaniyom kuma giredi 5 ɗinsa sunan haɗin ƙarfen ne, ba ruwansa da tsaga uku. Yana da ƙarfi kusa da giredi 8, nauyinsa bai kai kashi 60 cikin ɗari na ƙarfe ba, amma a kauri ɗaya bai fi shi ɗauka ba, kuma ya fi shi lilo a ƙarƙashin ƙafa kusan ninki biyu. Bai warware maka komai ba. Ɗan harafin da ka gani a gefen tsaga kuwa tambarin masana'anta ne, ka riƙa nemansa. Jabun noti sun taɓa cika Amurka a shekarun 1980 har suka shiga kayan soja, shi ya sa aka yi dokar ingancin noti a 1990. Ka saya a wurin masu sayar da noti zalla, ba wanda aka zuba a buhu ba suna.

Maman Hanifa: Wai ma an yarda a huda bishiya? Na ga kamar suna da tsanani a kan wannan.

Lawal Ɗan Katsina: A dajin gwamnati na Ohayo haramun ne a kafa ƙusa ko wani ƙarfe a bishiya don takawa, a na Mishigan ma an hana matakan da ake murɗawa cikin itace. A gonar mutum kuma sai da izininsa. Kuma kada a bar noti a ciki, bishiya takan haɗiye shi, bayan shekaru mai zarton inji ya zo ya ci karo da shi, sarƙa ta tsinke a fuskarsa. Wannan haƙƙi ne.

Baban Walid: Gonar wani dattijo ce da nake kai wa kaya, ya ba ni izini a rubuce, sharaɗinsa kada in taɓa bishiyoyin gyaɗar Turawa da yake tanadi don katako.

Lawal Ɗan Katsina: Injiniya na dawo. Na mirgina su a gilashi kamar yadda ka ce. Cikin 12, uku suna ɗingishi, ido bai gani sai sun juya. Na ware su. Amma ni dai a 3/8 zan zauna, zan sayi sababbi, ba zan iya jan injin batir zuwa inda nake shiga ba.

Injiniya Bashir: A nauyinka da igiya a ƙugu ban hana ka ba, sai dai ka riƙa gwada su a gilashin kowane farkon kaka, kuma ka manna gefen takalmi da bishiya.

Habu Walda: Ni har yanzu ina ganin da tsanin ɗaurawa ya saya ya huta da hude-huden nan.

Baban Walid: Habu, na duba, wanda na samu laba 300 aka rubuta masa, ina neman mai ɗaukar sama da haka. Kafin nan ga inda nake. Na sayo rabin inci mai tsaga shida da tambari, inci 7, guda 14. Jiya na huda wata rayayyar bishiya mai tauri a bayan gonar, zurfin inci 3, ƙafa ɗaya daga ƙasa. Na sa duk kayana na hau na yi ta dannawa a bakinsa, na gwada kowanne, na dawo gida na mirgina su, ba wanda ya yi ɗingishi. Igiyar ƙugu da sabuwar ɗamara an ce sai Laraba za su iso. Anti, na faɗa wa Maman Walid, ta karɓe makullin mota na ranar Asabar ta ce sai ta ga igiyar da idonta.

Maman Hanifa: Ka gaishe min da ita. In ta iso ka fara gwada ta a ƙasa-ƙasa da rana, wani yana tsaye kusa.

Kawu Idi: Ramukan da ka huda yanzu, ka sake duba su ranar da za ka hau. Ɗanyen itace yana kumbura ya matse rami, kada ka je da asuba noti ya shiga rabi ka ce ya isa.